Maharazu Zai Narka Tama Ranar Takutaha

Duk Gwammaja babu wanda bai san Maharazu ba, domin ko ba ka neme shi ba, bakinsa zai same ka. Ya yi gyaran agogo, agogunan mutane suka tsaya cak har yau. Ya yi kiwon kaji, kajin suka riga shi gane cewa ba zai iya ba, suka mace a mako guda. Ya taɓa kwance babur ɗin ƙaninsa Sadiƙ ya ce zai mayar da shi injin markaɗe. Babur ya tafi, markaɗe bai zo ba. Amma in ka same shi a majalisa bayan la'asar, ya tura hula gaba yana bayani, sai ka rantse ba don shi ba da tuni Kano ta watse.

Abin da ke riƙe da gidansa kuwa kowa ya sani, tanderun gurasar matarsa Lauratu ne. Wata ƙatuwar tukunyar yumɓu ce da aka dasa a kusurwar tsakar gida aka kewaye ta da ƙasa. Lauratu ta gaje shi daga mahaifiyarta, Inna 'Yardada, kuma ya fi shekara arba'in yana cin wuta. Kullum da asuba takan hura shi da kara, ta riƙa manna kwaɓi a cikinsa, masu tsire da masu bandashe suna jira a zaure da kwandunansu. Daga nan ake samun tuwo, da sabulu, da kuɗin makarantar yara, har da shuɗin bula na rigar da Maharazu ke zuwa majalisa da ita.

Wata rana ana saura mako biyu Takutaha, bikin shekara-shekara da ake hawan dutsen Dala, rediyon majalisa ya kawo wani malamin tarihi yana cewa mutanen da suka fara zama a gindin Dala maƙera ne. Tama suka zo nema, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Maharazu ya daki cinya.

"Kakannina ke nan! Yau dai gaskiya ta fito a rediyo."

A gefen tabarma akwai Baba Ilu, tsohon maƙerin unguwar, wanda hannunsa ya yi kanta da riƙon masaba. Ya ɗago kai a hankali.

"Maharazu, na san kakanka Malam Hambali. Baduku ne. Ƙusa in ta lanƙwashe masa, aiko mana yake a miƙe."

"Wannan na kusa ne, Baba. Ni na can ciki nake magana."

"To na can cikin sun tafi da abinsu. Ni da na gaji ƙira, ban taɓa ganin an narka tama ba. Tun zamanin ubana da sifirin tsohuwar mota muke aiki."

"Ka ji ko!" in ji Maharazu, yana duban jama'a. "Da bakinsa ya faɗa. Ku ba maƙera ba ne, 'yan gwangwan ne. Ku shaida, ranar Takutaha, a gindin Dala, gaban duk wanda ya zo hawa, zan narka tama in fito da ƙarfe. In miƙa wa Baba Ilu ya ƙera fartanya, in dai ya iya."

Baba Ilu ya ɓare goronsa ya ce, "Allah ya kai mu." Majalisa ta ce amin da ƙarfi, don an daɗe ba a sami abin kallo kyauta ba.

Da ya koma gida sai ya tsaya a tsakar gida, hannu a baya, yana zagaya tanderu kamar mai taya rago. Lauratu tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, na ga idonka."

"Me idona ya yi? Kallo kawai nake."

"Haka ka kalli babur ɗin Sadiƙ. Labarin majalisa ya riga ka shigowa. Ka narka duk abin da ka ga dama, har Dalar ma in ta yarda, amma tanderun nan ka bar shi inda Inna ta dasa shi. Shi ya aurar da ni, shi yake ciyar da kai. Ranar Takutaha kuma sau biyu zan gasa, masu tsire duk sun gaya mini."

"Haba Lauratu! Ni da zan gina abin da ya fi ni tsawo, me zan yi da tukunyar gurasa?"

"Alhamdu lillahi. Ka maimaita, yara su ji."

Bai maimaita ba, ya ce ana kiransa a waje.

Washegari ya ari diga ya nufi gindin Dala neman tama. Ya sami wani lungu a bayan wani gida inda ƙasa ta yi duhu, ya ce nan ne, jininsa ya gaya masa. Ya yi ta sara. Can wani wari ya taso, masu wucewa suka toshe hanci, shi kuwa ya shaƙa ya gyaɗa kai.

"Warin tama ke nan. Wanda bai gada ba ba zai gane ba."

Bai rufe baki ba ƙasa ta burma da shi har ƙugu. Mai gidan, wata dattijuwa Hajiya Safiya, ta leƙo ta kan katanga.

"Bawan Allah, me ka ajiye a tsohon masaina da ka zo tonowa?"

"Hajiya, binciken tarihi nake."

"To ka same shi. Na shekara talatin ne. In ka fito ka mayar mini da ƙasata yadda ka gan ta."

Da igiya aka jawo shi, kuma babu wanda ya yarda ya kama hannunsa. Kwana biyu majalisa tana matsawa gefe in ya zauna, shi kuma yana cewa kwarjini ne.

A rana ta uku ya dace, a ganinsa. A wani kwari da ruwan sama ya zaizaye ya ga wasu duwatsu baƙaƙe, masu nauyi, da 'yan ramuka a jiki, suna ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba. Ya cika buhu biyu ya ɗaure bakinsu tam. Da ya nuna wa Baba Ilu ko guda ɗaya, da labarin nan ya ƙare a nan, kowa ya huta. Amma ina! Ya ce tsohon zai sace masa sirri, don haka ta bayan layi ya bi da buhunan ya cusa su ƙarƙashin gado.

Sai ginin wurin narkawa. A wani fili kusa da matakalar Dala ya kwaɓa ƙasa ya tayar da wani abu dogo mai kama da rumbu, ya shafe shi da farar ƙasa, ya rubuta sunansa a jiki da shuni. Magina suka ce ya sa ciyawa a kwaɓin, ya kuma rufe shi, damina ce. Ya ce kakanninsa ba su san leda ba. Ya sayi fatar akuya ɗanya zai ɗinka zugazugi, ya shanya a kan katanga, karnuka suka raba ta kafin magariba. Ana saura kwana uku Takutaha aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye, rumbun Maharazu ya zama tulin taɓo, akuya biyu suna kai suna tuƙa.

Bashir mai faci, wanda rumfarsa ke kallon filin, ya fito yana goge hannu.

"Malam Maharazu, barka da aiki. Ashe har an gama?"

"Gwaji ne wannan. Na ga ƙarfin ƙasar, ba ta yi mini ba."

"To jibi a me za a narka? Ka san fa har 'yan Ƙofar Nassarawa sun ce za su zo. Jiya wani daga Zaitawa ya tambaye ni ko ana sayen tikiti."

Shi Maharazu a duniya babu abin da yake tsoro kamar a taru a ce ya kasa. Yunwa ba ta dame shi ba, don bai taɓa kwana da ita ba, Lauratu ta tsare masa wannan. Ya dubi injin da Bashir ke ba tayoyi iska da shi, ya ce wannan ya fi zugazugi goma, ya roƙa a ara masa jibi. Bashir ya ce ko ba a roƙa ba shi zai kawo, ba za a ba shi labari ba.

Ranar Takutaha, Lauratu ta gasa zagayen farko tun da asuba, masu kwanduna suka kwashe. Ta kwaɓa na biyu ta rufe a manyan robobi ya tashi. Sannan ta yi wanka, ta ɗaura sabuwar atamfa, ta kama yara suka bi matan unguwa hawan Dala, abin da take jira shekara guda. A bakin ƙofa ta juyo.

"Kafin azahar zan dawo in hura. Ka ji ni, Malam?"

"A sauka lafiya," in ji shi, yana duban sama.

Ko kwanar layi ba su sha ba ya kira masu turin kura biyu. Suka fasa ƙasar da ke kewaye da tanderun, suka ciro shi da sauran ɗuminsa. Ɗaya daga cikinsu ya tambaya ko matar gidan ta sani. Maharazu ya ce aro ne, kafin azahar zai dawo da shi, kuma ma tukunyar da ta narka ƙarfe gurasarta sai ta fi daɗi. Da suka isa fili ya ga babu inda iska za ta shiga, sai ya sa ƙusa da dutse ya huda gindinsa. Yumɓun ya yi wata 'yar ƙara. Ya ce da kansa ɗan toshewa ne kawai da ƙasa.

Kafin hantsi Dala ta rufe da mutane, ba ka ganin dutsen sai atamfa da leshi da gyale, masu hawa na hawa, masu sauka na sauka. A ƙasa ga masu rake, ga masu zoɓo da ƙanƙara, ga mai alawa yana kaɗa ƙararrawa, ga masu mandiri sun wuce suna yabo, yara na bin su da sababbin takalma a hannu don kada su lalace. Motoci sun cushe, 'yan adaidaita suna ta zagin juna cikin fara'a irin ta ranar biki. Cikin wannan taron Maharazu ya hau kan benci, ya ɗaura walkin aro a kan shaddarsa, ya ɗaga awartaki sama.

"Jama'ar Kano! Yau za ku ga abin da kakanninku suka ji labari! Shekara dubu tama tana kwance tana jiran mai ita. To ga mai ita ya zo!"

Aka yi tafi, aka ɗaga wayoyi. Wata mata ta ce, "Wannan ba tanderun gurasa ba ne?" Ya yi kamar bai ji ba. Ya zuba gawayi, ya zuba duwatsu, ya ƙara gawayi, ya sa wuta, ya cusa tiyon Bashir a hujin.

"Ba shi iska!"

Bashir ya ba shi. Toka da tartsatsi suka yi tsiri sama suka sauko kan 'yan sahun gaba. Wani Alhaji ya duba babbar rigarsa ya ga ta zama rariya. Gyalen wata amarya ya kama hayaƙi, ƙawayenta suka kashe da zoɓo. Maharazu kansa ya fito fari fat, girarsa ɗaya ta tafi.

"Wa zai biya ni rigata?" in ji Alhajin.

"Alhaji, adana ta. Jikokinka za su yi alfahari da hujin nan."

Sai da mutum uku suka riƙe Alhajin. Wuta kuwa ta kama sosai, tana gurnani, bakin tanderun ya yi ja. Aka yi ta jira. Mai rake ya matso da baronsa ya yi ciniki mai kyau.

Ana haka Baba Ilu ya iso da sandarsa. Ya sunkuya ya ɗauki dutse ɗaya daga buhu, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, hawaye na zuba.

"Maharazu, wannan ce tamar?"

"Ita ce. Ka ga abin da ba ka taɓa gani ba ko?"

"Kullum da safe nake share irinsa in zubar. Kashin maƙera ne, ɗan nan! Dattin da ke saura in an gama cire ƙarfe. Mutanen da kake kira kakanninka sun tatse shi tun shekara aru-aru suka watsar. Jujinsu ka je ka kwaso buhu biyu."

Dariya ta tashi tun daga gaba har ta kai matakala, waɗanda ba su ji ba suna tambaya, ana gaya musu, su ma su kama.

"Hassada ce!" in ji Maharazu. "Bashir, ƙara iska!"

Baba Ilu ya daina dariya. "Kai, bar ganin ina wasa. Yumɓun nan wutar kara ya sani. Ba zai ɗauki wannan ba. Ku kashe, ku bar shi ya huce a hankali, wataƙila a tsira da shi."

Bashir ya kai hannu zai kashe, Maharazu ya ture shi ya murɗa da kansa har ƙarshe.

A nan ne taron ya dare biyu. Lauratu ce tafe, atamfarta duk gari, don ta je gida ta tarar da rami a inda tanderu yake, kwaɓi ya tashi ya tumbatsa yana bin ƙasa. A bayanta masu tsire da masu bandashe ne a jere, kowa da kwandonsa wayam. Ta tsaya gaban wutar. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi ba shi tsoro.

"Malam, kashe."

Maharazu ya dube ta. Ya dubi wayoyin da aka ɗaga, sun fi ɗari. Wallahi ya san gaskiyarta, ya kuma san ta Baba Ilu, kuma hannunsa yana kan makunnin. Amma ya ji wani daga baya ya ce, "Uwar gida ta zo, an tashi wasa," sai wuyansa ya ƙage.

"Minti biyar, Lauratu. Ƙarfen yana hanya, ina jin motsinsa."

"Na roƙe ka don Allah."

"Minti uku."

Ko ɗaya ba a yi ba. Aka ji ƙas, sannan ƙarara, tsaga ta taso daga hujin ƙusar ta haye har baki. Tanderun ya buɗe gida uku. Garwashi ya gangaro, mutane suka watse, baron rake ya kife, tiyon Bashir ya kuɓuce yana ta bulala a ƙasa yana fesa toka. Daga tsakiyar ɓaraguzan wani baƙin abu mai kauri ya malalo kamar kwalta, ya tsaya.

"Ga shi nan!" Maharazu ya yi kururuwa. "Ƙarfe! Ku dawo ku gani!"

Aka dawo, don Bakano ba ya barin kallo a rabi. Ya kama dunƙulen da awartaki ya ɗora kan dutse, ya jira ya ɗan huce, ya karɓi guduma daga rumfar Bashir, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai ɗauka a waya. Ya sauke. Abin ya tarwatse kamar an jefar da kwalbar lemo, wani ɓallin ya shige masa cikin takalmi. Ya yar da guduma ya kama tsalle da ƙafa ɗaya yana salati.

"Baba Ilu," in ji Bashir, "fartanya nawa za ta fita?"

Mutane suka yi ta faɗuwa kan juna. Har Alhajin mai riga ya yafe, ya ce kallon ya biya shi.

Lauratu ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa a gaban ɓaraguzan, ta sa bakin zanenta ta jawo wani ɓalli daga gefen baki, inda aka taɓa yin gyara da sabon yumɓu. Sawun yatsu uku na nan a jiki, ƙanana, na Inna, tsohuwar da ta rasu shekara tara. Ta busa tokar, ta ƙulle shi a gefen gyale. Na kusa suka gani suka daina dariya. Masu kwanduna suka juya ɗaya bayan ɗaya, suka nufi gidan wata mai gurasar a Jakara, kuma kowa ya san wanda ya canza gida a ranar biki ba lallai ya dawo ba.

Maharazu ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Kunya ta kama shi, ta gaske, irin wadda bai saba da ita ba, har ya rasa inda zai sa idonsa. Aka ɗauka yau dai bakin ya mutu. Ya matso kusa da ita, ya yi gyaran murya.

"Lauratu, kada ki damu. Sabo zan gina miki, wanda ya fi wannan. Ai ta wajen uwa, kakannina magina tukwane ne. Duk tulun da..."

Ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwarta, ta kama hannun yaranta.

"Malam, tukunyar tuwo ɗaya ta rage mana a gidan nan. Don girman Allah, kada kakanninka su ji labarinta."